Corolla 2005 tana karkarwa da sassafe, lambar P0171 kuma ta ƙi tafiya

Baban Ummi, Zariya

Assalamu alaikum, 'yan uwa masana harkar mota. Ina neman shawararku kan wata matsala da ta saka motata a gaba tun shigowar hunturun bana. Toyota Corolla ce ƙirar 2005 mai inji lita 1.8, irin waɗanda ake shigo da su daga Amurka bayan an yi amfani da su, kuma shekara shida ke nan tana hannuna ba ta taɓa kwana a gareji ba.

Idan na tayar da ita bayan sallar asuba, injin yakan yi ta karkarwa har sitiyari ya riƙa rawa a hannuna, allurar da ke nuna juyin inji tana hawa tana sauka, wani lokaci kamar zai mutu. Bayan minti goma ko sha biyar, da zarar injin ya ɗauki zafi, sai komai ya lafa kamar ba ita ba. Da rana tsaka ko alama ba ta yi, kuma a kan hanyar Kaduna tana gudu lafiya lau, ba ta shaƙewa idan na taka totur. Ruwan lagireto bai ragu ba, allurar zafi ba ta taɓa wuce tsakiya ba.

Da fitilar cek mai gargaɗin matsalar inji ta kama, na kai motar aka sa mata kwamfuta, aka ga lambar matsala P0171, sau ɗaya kuma tare da P0300. Bakaniken da nake kai wa ya canza filogi huɗu, ya wanke nozul masu fesa mai, daga baya ya canza kwayil guda ɗaya mai ba filogi wuta. Duk lokacin da aka goge lambar, ba ta wuce kwana uku sai ta dawo. Yanzu yana cewa famfon mai ne ya fara gajiya. Wani abokin aikina kuma, wanda yake da Pontiac Vibe, ya ce tasa ta taɓa yin haka, a ƙarshe aka gano gasket ɗin manifol ɗin iska ne, wato robar da ke toshe mahaɗar injin da bututun da ke kai masa iska. Da na kai wa bakanikena wannan magana, sai ya ce in dai gasket ne to sai an sauke top, wato kan injin da ke rufe saman silinda.

Tambayata ita ce, ta yaya zan tabbatar da ainihin abin da ya lalace kafin in sake kashe ko kwabo, kuma idan gasket ɗin manifol ne, yaya girman aikin yake?

Tsohon Direba, Kaduna

Wa alaikumus salam. Malam, ni ba bakanike ba ne, amma na shekara fiye da ashirin ina tuƙin haya, kuma a iya sanina yawancin irin wannan karkarwa daga mai take zuwa. Ka duba inda kake shan mai, domin gurɓataccen fetur yakan toshe nozul ko da jiya aka wanke su. Ka kuma sa a cire na'urar auna iska, wadda makanikai ke kira eyafulo, a fesa mata maganin wankinta, saboda ƙurar hunturu tana wuce matatar iska idan matatar ta tsufa ko ba ta zauna daidai ba, ta je ta lulluɓe siririyar wayar da ke cikinta. Wannan ba ya cin kuɗi. Maganar sauke top kuwa, kada ka yarda kowa ya taɓa maka shi tunda motar ba ta zafi kuma ba ta shan ruwa.

Mai Gareji, Kano

Malam Baban Ummi, sannu da fama. Na yarda da Alhaji Tsohon Direba kan cewa kada a taɓa top, na kuma yarda cewa eyafulo mai datti yana kawo P0171. Inda na saɓa masa shi ne, da gurɓataccen mai ne ko famfo mai gajiya, da matsalar ta fi tsanani lokacin da injin ke buƙatar mai da yawa, wato a kan gudu ko hawan tudu. Taka kuwa akasin haka take: tana damunka a silo, wato tana tsaye ba a taka totur ba, injin yana sanyi, ta ɓace a kan hanya. Wannan ya fi kama da iska mai shiga ta ɓarauniyar hanya.

Bari in yi bayanin dalili, domin idan ka fahimce shi ba wanda zai sake sayar maka da kayan da ba ka buƙata. Injin fetur yana son kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai bisa nauyi. Eyafulo yana auna duk iskar da ta bi ta cikinsa, kwamfutar motar kuma ta ba nozul umarnin fesa man da ya dace da wannan awo. Manifol shi ne bututun nan mai rassa huɗu da ke raba iskar zuwa silinda huɗu, kuma tsakaninsa da top akwai gasket na roba. Lokacin da mota ke silo, murfin totur kusan a rufe yake, fistin kuma suna ta zuƙa, saboda haka cikin manifol ɗin akwai ƙarfin zuƙa sosai. Idan gasket ɗin ya bar 'yar kafa, iska za ta kutsa ta nan ba tare da an auna ta ba. Sansar da ke jikin bututun hayaƙi za ta ga iska ta yi yawa a cikin abin da aka ƙona, kwamfutar ta yi ta ƙara mai don ta cike giɓin, har ƙarin ya wuce iyakar da aka gindaya mata, sai ta kunna fitila ta rubuta P0171. Ma'anar lambar ke nan: iska ta rinjayi mai. Ba ta ambaci sunan wani kaya da ya mutu ba. Idan ka taka totur kuwa, iskar da ke bin hanyar gaskiya tana ninkuwa, ƙarfin zuƙan yana raguwa, sai 'yar iskar da ke satar hanya ta zama ba a bakin komai ba. Shi ya sa motarka ke lafiya a kan hanyar Kaduna.

Maganar sanyi kuma, roba tana tsukewa idan ta yi sanyi, ta kumbura ta cike gurbinta idan ta ji zafi. Wannan injin naka, wanda Toyota ke kira 1ZZ-FE, an san shi da wannan lalura. Shi ne a cikin yawancin Corolla da Matrix na Amurka na 2003 zuwa 2008, shi ne kuma a yawancin Pontiac Vibe na waɗannan shekaru, don haka abokin aikinka bai yi shaci-faɗi ba. Kamfanin Toyota da kansa ya taɓa aika wa dillalansa na Amurka sanarwa kan wannan lamba a lokacin tsananin sanyi, ya kuma sauya gasket ɗin daga tsohon baƙi zuwa wani mai ruwan lemo. Sanyinmu bai kai na ƙanƙara ba, amma robar da ta doshi shekara ashirin tana shan zafin inji ta riga ta bushe, sanyin asubar Zariya ma ya ishe ta.

Duk da haka kada ka sayi gasket tukuna. Ka bar motar ta kwana a wurin mai kwamfuta, domin gwajin da aka yi da rana injin yana zafi ba zai nuna komai ba, kuma ina zaton wannan ne ya sa aka yi ta laluɓe a duhu. Da safe, kafin a goge komai, a duba bayanin da kwamfutar ta adana a daidai lokacin da lambar ta kama, musamman zafin ruwa da juyin inji. Sannan a tayar da motar a kalli lambobi biyu da na'urar ke nunawa da sunan STFT da LTFT, waɗanda su ne gyaran mai na nan take da na dogon lokaci. A haɗa su biyun. A mota mai lafiya jimillar ba ta cika wuce kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa ba. A rubuta abin da aka gani a silo, sannan a ɗaga juyin zuwa 2,500 a riƙe na ɗan lokaci a sake rubutawa. Idan lambar tana sama a silo ta faɗo da aka ɗaga, iska ce ke shiga. Idan kuwa tana ƙasa a silo ta hau da aka ɗaga, to a koma ga maganar Alhaji, a duba eyafulo da matsin famfon mai.

Ko da ya tabbata iska ce, ba gasket kaɗai ke da ƙofa ba. A duba babban tiyon da ke tsakanin eyafulo da totur, a lanƙwasa shi a ga ko ya tsage a cikin lunguna, a duba tiyon PCV mai mayar da tururin cikin inji zuwa manifol, da tiyon da ke zuwa tukunyar birki, da bawul ɗin da ke janyo tururin fetur daga tanki, wanda kan maƙale a buɗe. Gwajin da ya fi kowane shi ne na hayaƙi: a kashe injin, a toshe bakin shigar iska, a tura hayaƙi a hankali ta tiyon birki, a haska tocila a ga inda zai ɓullo. Idan babu na'urar, a fesa ruwa da kwalbar feshi a kan layin da manifol ya haɗu da top, injin yana silo yana sanyi, a saurari ko sautinsa zai canza. Na san wasu fetur suke yayyafawa ko maganin wanke kafireto, kuma lallai yana nuna wurin, amma altaneta tana nan kusa, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara. A garejina na hana yarana yin haka.

Baban Ummi, Zariya

Na gode ƙwarai, Alhaji da Maigida Mai Gareji, Allah ya saka da alheri. Na fara da shawarar Alhaji, aka wanke eyafulo aka sa sabuwar matatar iska, domin tsohuwar ta cika da ƙura, amma washegari karkarwar tana nan. Daga nan na bar motar ta kwana a wurin mai kwamfuta. Da safe jimillar lambobin biyu ta kai kashi 29 a silo, da aka ɗaga zuwa 2,500 ta sauko kashi 6. Bayan injin ya yi zafi, ko a silo ba ta wuce 12 ba. Tiyo duk lafiyarsu ƙalau. Ba su da na'urar hayaƙi, don haka muka yi na ruwa, kuma da aka fesa a gefen reshen da ke kusa da bel, sai injin ya yi kamar zai shaƙe, lambar nan take kuma ta faɗo a idonmu.

Abu ɗaya ne ya rage yana damuna. Wani da ke wurin ya ce shi ya san gasket ɗin manifol yana haɗa ruwa da baƙin mai, har ya kashe inji gaba ɗaya, ya ce ya gani da idonsa. Na zaro ma'aunin baƙin mai na duba, ban ga wani canji ba, amma hankalina bai kwanta ba. Shin akwai wannan haɗari a motata?

Ɗan Jos

Malam Baban Ummi, mutumin da ya faɗa maka haka bai yi ƙarya ba, sai dai wani injin yake nufi ba naka ba. Na daɗe ina aikin motocin Amurka, kuma abin da ya gani sananne ne a injinan General Motors masu silinda shida, lita 3.1 da 3.4, waɗanda ke cikin motoci irin su Chevrolet Venture, Pontiac Montana da Buick Century na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000. A waɗannan injina silindojin sun rabu gida biyu, manifol na ƙasa yana zaune a tsakiyarsu kamar murfi, ruwan sanyaya inji yana ratsa cikinsa, a ƙarƙashinsa kuma baƙin mai ne ke kai da komo. Gasket ɗaya ne ke raba iska da ruwa da mai, kuma na asalin firam ɗinsa na roba mai tauri ne wanda kan ruɓe ya farfashe. Idan ya saki, ruwa yakan tsiyayo waje ta kusurwar injin, ko ya gangara cikin baƙin mai har ya koma kamar shayi mai madara, daga nan kuma metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kansa ya fara cinyewa. Abin ya yi yawa a Amurka har masu motoci suka haɗu suka kai kamfanin kotu kan ruwan sanyayawar da ake kira Dex-Cool, aka sasanta a 2008.

A irin wannan injin, hanyar ganowa ita ce a matsa wa lagireto iska da famfon gwaji a ga ko matsin zai sauka, sannan a bi sawun ruwan. Aikin ma babba ne, domin sai an cire sandunan da ke tura bawul tunda ta cikin gasket ɗin suke bi, kuma na shigar iska da na fitar hayaƙi tsawonsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya cakuɗa su zai lanƙwasa bawul da tayarwar farko. Ana sa gasket mai firam na ƙarfe, a sa gam a bakin gaba da na baya inda manifol ya haɗu da jikin injin, a kuma zubar da baƙin man nan take.

Naka kuwa manifol ɗinsa na roba ne, iska kaɗai ke bi ta cikinsa. Ƙananan tiyo biyu na ruwa da za ka gani a wurin, jikin totur suke zuwa don su ɗumama shi, ba su da alaƙa da gasket ɗin. Gasket ɗin top kuma, wanda bakanikenka ya ambata, alamunsa daban ne: zafi, raguwar ruwa ba tare da an ga inda ya zuba ba, kumfa a bakin lagireto, farin hayaƙin da ba ya yankewa bayan injin ya ɗumama. Ba ka ambaci ko ɗaya ba. Amma kada ka ja lokaci don ka ji ba ruwa a ciki, domin P0300 da ka gani na nufin wasu silindoji suna tsallake ƙuna, man da bai ƙone ba kuma yana zuwa ya gasa matatar hayaƙin nan da ake kira indomi, wadda kuɗinta ya ninka na gasket sau da yawa.

Mai Gareji, Kano

Ɗan Jos ya gama magana kan wancan, ba ni da ƙari. Lambobin da ka kawo, Malam, sun isa hujja. Aikin ba ya wuce awa biyu a hannun wanda ya saba, domin a wannan injin manifol ɗin yana gaba ne, yana fuskantar lagireto, hannu yana kai wa ko'ina.

A yi shi injin yana sanyi, a fara cire kan batir na baƙar waya. A cire murfin injin da babban tiyon iska, a zare soket-soket da ƙananan tiyo, kuma ina ba da shawarar a ɗauki hoto da waya kafin a zare, saboda tiyo ɗaya da aka manta zai dawo maka da lambar da kake gudu. Totur ɗin ana iya kwance shi a jingine gefe ba tare da an cire masa tiyon ruwa ba. Daga nan a kwance ƙarfen da ke tallafe da manifol ɗin, a kwance notinan da ke riƙe da shi a jikin top, a janyo shi. Da zarar ramukan nan huɗu sun bayyana, a cusa musu tsumma mai tsabta, domin idan washa ko ɗan noti ya faɗa ciki, to a nan ne za a sauke top ɗin da gaske.

Tsohon gasket yana zaune a cikin wani kwarmi a fuskar manifol ɗin, kuma za ka same shi ya baje ya yi tauri. A zare shi, a goge kwarmin, a goge fuskar top da tsumma da maganin wanki. Kada a kankare ta da sukurdireba ko takardar yashi, domin alminiyum ne, ƙarzuwa kaɗan za ta zama sabuwar hanyar iska. A duba jikin manifol ɗin da kyau ko ya tsage, a kuma ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskarsa a ga ko ta karkace. Sabon gasket a busasshensa ake sa shi. Ina jaddada wannan ne saboda al'adar garejinmu ta shafa gam a kan komai, wasu ma su mayar da tsohon gasket su lafta masa gam su ce an gyara. Gam yana hana robar zama daidai a kwarminta, abin da ya matso ciki kuma injin ne zai haɗiye shi. Ka je da kanka ka sayi gasket mai kyau, ka haɗa da na totur tunda an buɗe shi.

A cire tsummokaran, a ƙirga su huɗu, a mayar da manifol ɗin, a kama dukkan notinan da hannu kafin a sa sifana. Ɗauri daga tsakiya yake farawa ya nufi gefe, kaɗan-kaɗan a zagaye biyu ko uku, ƙarfinsa kuma niyuton-mita 30 ne. Idan da sifana mai awo a yi amfani da ita, domin yaro mai ƙarfi yana iya fasa kunnen manifol na roba yana ganin kirki yake yi. Tunda totur yana waje, a goge baƙin dattin da ke bakinsa da tsumma. Bayan an mayar da batir, kwamfutar ta manta gyaran man da ta koya, saboda haka silo zai iya ɗan hawa da sauka a farko. A bar injin ya yi zafi ba tare da an kunna na'urar sanyaya cikin mota ko fitilu ba, sannan a zagaya da motar. Hukunci kuma sai washegari da asuba, a sake karanta lambobin nan biyu injin yana sanyi.

Baban Ummi, Zariya

'Yan uwa, na dawo da bayani. Ranar Asabar aka yi aikin ina tsaye, bakanikena ne ma ya yi, bayan na karanta masa abin da kuka rubuta. Tsohon gasket baƙi ne kamar yadda Maigida ya ce, ya baje har ya yi daidai da bakin kwarmin, kuma da aka lanƙwasa shi sai ya karye a gefen da ruwan ya nuna. Sai da muka ɗan yi ja-in-ja kan gam, amma a ƙarshe ya haƙura. Sifana mai awo kuwa daga garejin maƙwabta aka aro ta.

Yau kwana tara ke nan, fitilar ba ta dawo ba, kuma karkarwar asuba ta ɗauke duk da cewa sanyin makon nan ya fi na baya. Na koma wurin mai kwamfuta da sassafe, jimillar ta tsaya a kashi 4 a silo, kashi 2 a juyi 2,500. Tsohon kwayil da aka cire mini na karɓo shi na ajiye a but, tunda yanzu na san lafiyarsa ƙalau. Maigida Mai Gareji, da Alhaji, da Ɗan Jos, Allah ya ƙara basira, ya sa albarka a sana'a.